Garin da Hanya ta Baro a Bakin Shannon

"Kawu, ɗauki rigar ruwan nan."

"Wace rigar ruwa kuma? Ba ka ga rana ba?"

"Ka dai ɗauka. A ƙasar nan ba a yarda da rana."

Kwanana goma sha ɗaya ke nan a Athlone, wani gari a tsakiyar ƙasar Ailan, wajen ɗan ƙanwata da ke aiki a can. Zaman ɗaki ya ishe ni. Shi tun duku-duku ya fice, ni kuwa daga kujera sai taga, daga taga sai kujera, ina ƙirga motoci kamar wanda aka ba kwangila. Da ƙorafina ya yi yawa sai ya ce ranar Asabar zai kai ni wani kufai. Na ce kufai? Na baro kufai birjik a gida, na biya kuɗin jirgi, don in zo kallon na Turawa? Ya yi dariya ya ce in bari dai in gani.

Sunan wurin Clonmacnoise, a gundumar Offaly, kilomita 20 da 'yan kai kudu da Athlone. Hanyar siririya ce, shinge ya matse ta dama da hagu, ga su da tuƙi a hannun hagu. Ina zaune a inda direba ke zama a gida, duk motar da ta ɓullo sai in ji ƙafata tana lalubar birkin da babu shi. Can sai ƙasa ta buɗe, shimfiɗaɗɗiya, baƙa-baƙa, ba itace ba gida. Yaron ya ce irin fadamarsu ke nan mai lumewa, inda ciyayi suka yi shekaru dubbai suna ruɓewa cikin ruwa har suka zama baƙar ƙasa mai cin wuta. A da yanka ta suke yi kamar tubali, su shanya, su hura. Har tashar lantarki an yi mai aiki da ita a ƙauyen Shannonbridge da ke kusa, sai a ƙarshen 2020 aka rufe ta.

Daga nan na lura motarmu ta hau wani dogon tudu, kamar kunyar gona da wani ƙato ya ja ta ratsa fadamar. Wannan tudun shi ne sirrin wurin gaba ɗaya, ko da yake ban gane haka ba sai daga baya. Tsakuwa ce da yashi da kogunan ƙarƙashin ƙanƙara suka tara lokacin da ƙanƙarar da ta lulluɓe tsibirin take narkewa, sama da shekara 10,000 da suka wuce. Suna kiransa Eiscir Riada. A zamanin da babu kwalta, duk mai son ratsa Ailan daga gabas, ta wajen Dablin, zuwa yamma, ta wajen Galway, ba tare da ya nutse ba, dole ya bi ta kansa. Hanyar ma sunanta Slí Mhór, wato Babbar Hanya. Kogin Shannon kuma, wanda ya fi kowane kogi tsawo a ƙasar, kimanin kilomita 360, yana gangarowa daga arewa zuwa kudu. Inda hanyar ƙasa ta haɗu da hanyar ruwa, nan ne Clonmacnoise.

Wanda ya kafa wurin wani matashin malamin Kirista ne, Ciarán, ana furta sunan Kiran. Ɗan masassaƙi ne. Ya yi karatu a Clonard wajen Finnian, ya je tsibiran Aran wajen Enda, sannan ya sauka nan da 'yan tsirarun abokai a tsakiyar ƙarni na 6, galibi ana cewa a 544. Bai ci moriyar abin da ya dasa ba. Ko shekara bai cika ba annoba ta ɗauke shi, yana da shekara 33 kamar yadda ruwaya ta zo.

Ni dai abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne zaɓin wurin. Ruhubanawan Ailan na wancan zamani sun shahara da gudun duniya; akwai waɗanda suka je suka tare a kan wani tsauni a tsakiyar teku, Skellig Michael, inda sai su sai tsuntsaye. Amma mai neman halwa ba ya kafa bukka a mararraba. Ko Kiran ya san abin da yake yi, ko kuwa magadansa sun sani.

Da shigarmu ɗakin baje kayan tarihi wata dattijuwa cikin masu ziyara ta ga hulata, ta tambaya daga ina. Da na ce Najeriya sai fuskarta ta washe, ta ce gwaggonta sista ce, ta yi shekaru tana koyarwa a can. Na ji irin wannan magana ta fi sau uku a zamana a ƙasar. Ba abin mamaki ba ne: fadoci da sistoci 'yan Ailan sun buɗe makarantu da asibitoci da yawa a Najeriya, har da Arewa, kuma Patrick, waliyyin Ailan, shi ne Katolikan Najeriya suka ɗauka majiɓincin ƙasar. Muka gaisa sosai, ta ce in tabbata na ga gicciyen kafin in fita.

Gicciyen ba ya ɓuya. Dutse ne mai tsawon kusan mita 4, da zobe a wuyansa irin na gicciyen ƙasar, an sassaƙa shi gaba da baya tun wajen shekarar 900. Ainihinsa ne a cikin ɗakin. An shigo da shi ne saboda ruwa da iska suna cinye shi, aka kafa kwafinsa a waje inda yake tun asali. Akasarin zanen labaran Linjila ne, an yi su hoto-hoto don wanda bai iya karatu ba. Amma a ƙasa, gefen gabas, akwai mutum biyu, ɗaya da rigar malamai, ɗaya da gemu da takobi, sun riƙe sanda ɗaya suna kafa ta a ƙasa. Labarin da ake bayarwa shi ne, ranar da Kiran zai kafa ginshiƙin farko na cocinsa, wani ɗan sarauta mai gudun hijira, Diarmait mac Cerbaill, ya kama masa. Kiran ya yi masa albishir da mulki, ba a jima ba kuwa ya zama babban sarkin Ailan. Wasu masana na cewa a'a, hoton Sarki Flann Sinna ne da shugaban wurin, Colmán, waɗanda sunayensu ke rubuce a gindin gicciyen. Ko wanne ne, saƙon ɗaya ne: hannun sarki da hannun malami a kan sanda ɗaya. Na ce wa yaron, wannan hoton ko a gida aka kai shi ba ya bukatar tafinta.

Inda na fi daɗewa kuwa ba wajen gicciyen ba ne, wajen duwatsun kaburbura ne. An tattara sama da 600 a Clonmacnoise, yawancinsu gutsattsari, daga ƙarni na 8 zuwa na 12, ana nuna kaɗan daga ciki. Falalen dutse ne, wani bai fi faifai girma ba, da ɗan gicciye a tsakiya da rubutu a gefe. Na duƙa gaban ɗaya ina bin haruffan da ido. Ana ganin inda guduma da kurfi suka bi, har da inda fili ya ƙare wa mai sassaƙar ya matse haruffan ƙarshe, kamar yaro a bakin allo. Kusan duka da kalma iri ɗaya suke farawa: OR DO, sai suna. An taƙaita kalmar oroit ce, wato addu'a. "Addu'a ga wane." Shi ke nan. Ba shekarar haihuwa, ba ta mutuwa, ba jerin abin da ya tara. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu a zauren malam ya san wannan roƙo, don haka marubuta ke rufe aikinsu, suna neman wanda ya karanta ya sa su a addu'a. Addininmu daban da na masu duwatsun nan, amma na gane muryar.

Muna fita ruwa ya sauko. Ban ce komai ba, na zura rigar. Shi ma, don ladabi, bai ce komai ba, sai murmushi.

Fili ne mai gangara zuwa kogi, kore shar, kaburbura ko'ina, da kangayen coci-coci a warwatse, ƙanana, babu rufi. Babbar ita ce wadda Flann Sinna da Colmán suka gina a 909, kuma a zamaninta babu cocin dutse da ta kai ta girma a Ailan. Yau in ka shiga sai ka ga ba ta fi masallacin unguwa mai ɗan hali ba. A kusa da inda bagadi yake aka binne Ruaidrí Ua Conchobair a 1198, sarki na ƙarshe da ya riƙe sarautar Ailan baki ɗaya. Na nemi wata alama mai girma ban gani ba.

A bangon arewa akwai wata ƙofa da aka ƙara wajen 1460, bakinta da layi-layin sassaƙa masu zurfi kamar kwararo. Yaron ya tsayar da ni a gefe ɗaya, ya ce in kanga kunne a jikin dutsen, shi ya koma ɗaya gefen. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa, tar, kamar daga cikin kunnena: "Kawu, yaya rana?" Na ɗago zan harare shi, wasu Jamusawa biyu da ke jiran layi suka fashe da dariya, alhali ba su san me aka ce ba. Ana cewa ta nan masu ciwon da ake gudu suke furta zunubansu ga fadan coci daga nesa. Labari ne na baka, amma muryar kam tana tafiya.

Mafi ƙanƙanta cikin gine-ginen ita ce cocin Kiran, cikinta bai kai mita 4 a tsawo ba, bangonta ya karkace kamar tsohon da ya dogara sanda. Nan ake cewa kabarinsa yake. Ɗaruruwan shekaru manoman yankin suna ɗibar ƙasa daga cikinta, su kai su zuba a kusurwoyi huɗu na gona don tsare amfani daga tsutsa da cuta. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. Ashe neman tubarraki da ƙasar kabarin waliyyi ba mu muka fara ba. A wajen ranar 9 ga Satumba, ranar tunawa da Kiran, har yanzu ana taruwa a nan, kuma a 1979 Fafaroma John Paul na Biyu ya zo da kansa.

Akwai wata hasumiya can gefen kogi, zagayayya, ta dutse, ba kai. An gama ta a 1124, a zamanin Sarki Toirdelbach Ua Conchobair, uban Ruaidrí, shekara 11 kacal bayan haka aradu ta fille mata kai, a 1135. Abin da ya rage ya kai mita 19. Ƙofarta a sama take, kusan tsayin mutum biyu daga ƙasa, sai da tsani. An daɗe ana cewa mafaka ce daga mahara, amma sunanta a harshensu cloigtheach, gidan ƙararrawa, kuma shi ne ainihin aikinta: kiran mutane ibada. Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin Gobarau a Katsina ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ni dai da mahara za su zo, ba zan shige dogon bututu mai benaye na katako ba, wanda ashana ɗaya ta ishe shi.

Na tsaya nan ina kallon kogi, faɗinsa ya ba ni mamaki, ruwan ya malala cikin ciyawa, shanu na kiwo a tsallake. Shiru ne irin wanda har numfashinka kake ji. Wata mata kusa da ni ta ce wa mijinta wuri ne na salama. Kuma a nan ne nake ganin kufan yake yaudarar mai ziyara. Abin da ido ke gani dutse ne, dutse kuwa ibada da mutuwa kaɗai aka yi da shi. Garin kansa na itace ne da ciyawa da yumɓu, ya ruɓe ya koma ƙasa.

Masu haƙar kayan tarihi ne suka tono shi. A shekarun 1990, da aka yi haƙa a sabuwar maƙabarta da ke gabashin wurin, ƙarƙashin jagorancin Heather King, an sami gindin zagayayyun ɗakuna, da hanya mai daɓen tsakuwa, da murahu, da wuraren busar da hatsi, da tarkacen ƙira na baƙin ƙarfe da tagulla, da tulin ƙashi da ƙahon barewa da ake yin mataji da su. Wato maƙera, masassaƙa, majema, mahauta, mata da yara. Ana ƙiyasta mutum 1,500 zuwa 2,000 a nan a ƙarni na 11, a ƙasar da a lokacin birane ba su da yawa. Sannan a 1994 masu nutso suka ci karo da ginshiƙai a ƙasan kogin, jere bibbiyu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Gada ce ta katako, tsawonta kimanin mita 120. Da aka ƙirga zoben shekaru da ke jikin itacen, aka gano an sare shi wajen shekarar 804. Ka duba yawan itace da ƙarti da shugabanci da irin wannan aiki ke bukata. Mutanen da suka guji duniya ba sa gina gada irin wannan. Masu karɓar baƙi da fatake ne suke ginawa.

Salamar ma da sauƙi. Kowa ya san labarin 'yan Viking, mayaƙan teku daga arewacin Turai, waɗanda suka hauro Shannon da jiragensu suka ƙona wurin a 845. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, harin da 'yan ƙasa suka kai wa Clonmacnoise ya fi na baƙin yawa, don duk sarkin da ke faɗa da majiɓintan wurin nan yake hucewa. Su kansu mazauna wurin ba kanwar lasa ba ne. Kundin tarihinsu ya rubuta cewa a 764 jama'ar Clonmacnoise sun gwabza da jama'ar Durrow, wani gidan ruhubanawa irin nasu, aka kashe mutum 200 na Durrow. Gidan ibada da gidan ibada. Inda filaye da shanu da zinariya suka taru, ko an kira wurin da sunan waliyyi, sai an sa mashi.

Kundayen nan na shekara-shekara abin sha'awa ne, layi ɗaya ko biyu kowace shekara: wane ya rasu, an yi annoba, shanu sun mutu. A shekarar 749 sai marubucin ya sa, ba ko gezau, cewa an ga jiragen ruwa da matuƙansu suna tafiya a sararin sama bisa Clonmacnoise. Bai ƙara ko kalma ba, ya wuce abu na gaba.

A nan kuma aka rubuta Lebor na hUidre, wato Littafin Saniya Mai Ruwan Ƙasa, wajen 1100, littafi mafi tsufa da ya rage wanda kusan gaba ɗayansa da harshen Ailan aka rubuta shi, ba da Latin ba. Sunan ya samo asali ne daga imanin cewa a fatar saniyar Kiran aka rubuta shi, saniyar da ta bi shi makaranta tana shayar da ɗalibai. Lissafi bai ba da haka ba, tsakaninsu ya fi shekara 500, kuma fatar saniya ɗaya ba ta yin littafi. Abin da ya burge ni shi ne abin da ke ciki: tatsuniyoyi da labaran jarumtar kakanninsu na kafin zuwan Kiristanci, har da shahararren labarin yaƙin da aka yi kan bijimi ɗaya. Malaman coci ne suka zauna suka adana su, ba su ce kayan jahiliyya ne a watsar ba. Ɗaya daga cikin marubutan, Máel Muire, ya bar sunansa a gefen shafi inda yake gwada alƙalami. Mahara sun kashe shi a cikin babbar cocin wurin a 1106. Littafin yana Dablin yanzu, ganye 67 ne suka tsira.

Ruwa ya ɗan tsagaita, muka bi tsohuwar hanyar masu ziyara zuwa cocin sistoci, kimanin rabin kilomita gabas, ita kaɗai a cikin wani fili. Derbforgaill ce ta kammala ta a 1167, matar wani sarki, wadda wani sarkin daban, Diarmait Mac Murchada, ya ɗauke ta a 1152. Gabar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa aka kori Diarmait, shi kuma ya je ya gayyato mayaƙan Norman daga Ingila, suka sauka a 1169, suka zauna. An daɗe ana ɗora wa matar laifin, kamar dai sarakunan ba su da nasu kwaɗayin. Bakin ƙofar cocin ya sha ado, layi bisa layi, da kawunan dabbobi masu cizon dutse. Garin ja da baya don in ɗauki hoto sai na dafa wani ɗan ganye kore a gindin bango. Wayyo! Kamar an watsa mini garwashi haɗe da ƙarara. Nan take bayan hannuna ya yi rudu-rudu.

"Sannu Kawu! Na manta ban gaya maka ba."

"Ka tuna da rigar ruwa, ka manta da wannan?"

Ya tsinko wani faffaɗan ganye da ke tsirowa kusa da shi, ya murje ya goga mini, ya ce haka 'yan ƙasa ke yi. Ko ganyen ne ko haƙuri ne, ya dai lafa.

A hanyar komawa mota muka tsaya gaban ganuwar da Normawa suka gina a 1214, a kan wani tudu gefen kogi. Ta tsage gida-gida, manyan ɓangarori sun kife a karkace kamar an jijjige su an bari. A lokacin da aka gina ta ma garin ya fara ja da baya. An yi gada a Athlone, an gina ganuwa a can a 1210, mahaya da fatake suka koma tsallakewa ta can. Tsarin coci ya canja, sababbin ƙungiyoyin ruhubanawa daga Turai suka janye kyautar sarakuna. Hanya ta kauce, gari ya bushe a hankali. Ƙarashen ya zo a 1552, lokacin da sojojin Ingila da ke Athlone suka zo suka yi wasoso; kundin tarihi ya ce ba su bar ƙararrawa ba, babba ko ƙarama, ba littafi, ba bagadi, ko gilashin taga ba su bari ba. Na dubi yaron na ce, ashe garinku ne ya cinye wannan. Ya ce shi baƙo ne, haya yake biya.

La'asar ta kawo jiki, na ce mu nemi inda za mu yi salla mu sha shayi, ya ce Shannonbridge ba nisa, kilomita 7, akwai tsohuwar gada ta 1757 da zan so gani. Na buɗe mota zan shiga ya tare ni, yana nuna takalmina, waɗanda suka yi dumu-dumu da taɓo har idon sawu.

"Kawu, karkaɗe tukuna. Jiya na wanke motar."

Na tsugunna na sami tsinke ina ƙwaƙule ƙasar daga ƙarƙashin takalmin, hannuna na ta zugi. Ya tsaya a kaina yana kallo, can ya ce, "Ko in samo leda ne? Ka kai gonar Inna, kusurwa huɗu."